Ƙofa Arba'in da Uku

Ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a Damagaram, nan nake wuni.
Ba don ni aka sa sanyin ba,
don baƙaƙen akwatunan nan ne masu ƙyafta koren ido.
Arba'in da uku ne, in ka haɗa da ta reshen Mirriya,
da ta Magariya, da ta bayan kanta a Tanut
wadda ƙadangaruwa ta taɓa zuba ƙwai a cikinta.

Da can kowace da mabuɗinta.
Mutari ke riƙe da su
a littafin 'yan makaranta mai shuɗin bango,
shafi na tara shayi ya cinye rabinsa.
In ya tafi gaisuwar mutuwa Gure, aiki ma ya bi shi.
Da ya gaji, sai ya dunƙule su kalma guda:
Bara'atu, sunan autarsa, da shekarar da aka haife ta.
Direba ya sani. Mai shara ta sani.
Yaron da ya yi mana wata uku ya wuce Agadas, shi ma ya sani.
Daren da wani ya karkatar da hanyar albashi
muka tambayi na'ura, wa ya shiga?
Ta ce Bara'atu.
Yarinyar tana aji uku a lokacin.

Shi ne muka naɗa mai gadi ɗaya a tsakiya.
Yanzu duk ƙofar da ka ƙwanƙwasa ba ta da ta cewa,
sai ta aika wurinsa.
Wane ne kai? Iya ina aka yarje maka?
Sannan ya rubuta abin da ka taɓa, da ƙarfe nawa.
Habsu tana leƙawa, ba ta taɓawa.
Ari yana da na Zango, na Birni ba rabonsa.
Ni kaina da na karanta masa sunayen
sai lamba shida ta faɗo a wayata
kafin ya yarda ni ne.

Mutari ya yi tsaki:
"Shekara sha tara ina shiga ba sallama,
yau ƙarfe ke tambayata ɗan gidan wa nake."
Amma shi ne ya ce, "Mai gadi ɗaya, barci ɗaya.
Ran da wuta ta ɗauke, inji ya ƙi tashi fa?"
Ya sa muka rubuta mabuɗin ɓacin rana,
muka liƙe a ambulan, muka jefa asusun ƙarfe.
Da bazara ta kai mana wuya, sau biyu muka yage shi.

Ran Talata takarda ta sauko daga sama,
kwana tara bayan mun dawo daga maƙabarta.
A cire sunansa.
Layi ɗaya ne.
Da can sai in yi sati uku a hanya,
ina bin rassa, ina canza kalma, ina mantawa da guda.
Yau yatsa ɗaya,
ƙofa arba'in da uku suka rufe tare, ba ko ƙara.

Kafin in danna na buɗe rajista.
Alhamis, huɗu da minti sha biyu:
ya shiga ta Mirriya, bai canza komai ba,
ya duba, ya fita.
Haka yake yi wa awakinsa kafin ya kwanta.

Na gwada sunan, don aiki ya ce a gwada.
Mai gadi ya ce bai san shi ba.

Littafin yana aljihun teburinsa har yanzu.
Ba abin da yake buɗewa.
Doka ta ce a ƙona.
Na sa shi a jaka, na bi ta bayan Kasuwar Dole
zuwa Garin Malam.
Bara'atu ta karɓa da hannu biyu, tana juya shafi:
sunanta, sunanta, sunanta,
da rubutun babanta mai kwantawa hagu.
Ta ce, "Me yake ƙirgawa?"
Na ce, ƙofofi.